Lofen Masassaƙin da Bai Yi Suna Ba

A kasuwar lofen shan taba da ake sassaƙawa da hannu, ba abin mamaki ba ne a ga guda biyu a jere, itacensu daga yanki ɗaya, girmansu ɗaya, kyan aikinsu kusan ɗaya, amma farashin wannan ya ninka na wancan sau goma. Bambancin yana cikin 'yan haruffan da aka buga a wuyan lofen. Ɗaya na ɗauke da sunan gwanin da duniya ta sani, ɗayan kuma na wani ne da ke aiki shi kaɗai a bayan gidansa, wanda bai fi mutum ɗari suka taɓa jin sunansa ba. Mai saye da ya san abin da zai duba ya fi dacewa a wurin na biyun. Wanda bai sani ba, gara ya tsaya kan na masana'anta har idonsa ya buɗe.

Taba dai guba ce ko ta wace kafa ta shiga jiki, kuma shan lofe yana jawo ciwon daji na baki da maƙogwaro da huhu. Kyan sassaƙa ba ya rage wannan ko kaɗan. Abin da ya sa batun ya cancanci nazari shi ne sana'ar kanta, da yadda kasuwa ke yanka wa aikin hannu farashi. Lofe kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: an daɗe ana gina na yumɓu, har masu haƙar kayan tarihi a Afirka ta Yamma sukan ɗauki ɓaraguzansa a matsayin shaidar cewa wurin da suke tonawa bai girmi zuwan taba daga nahiyar Amurka ba, wato wajen shekara ta 1600. Amma lofen da ake ciniki a kansa yau na itace ne, kuma cibiyarsa Turai.

Itacen shi ne biraya, dunƙulen da ke fitowa tsakanin saiwa da gangar wata ƙaramar bishiya mai suna Erica arborea, wadda ke tsirowa a tuddan da ke kewaye da Bahar Rum: Kosika, kudancin Italiya, Girka, Aljeriya. Dunƙulen yakan ɗauki shekaru talatin ko fiye kafin ya isa yanka. Idan an tono shi sai a yayyanka, a dafa shi cikin ruwa na sa'o'i masu yawa don fitar da ɗacinsa, sannan a shanya na watanni, wani lokaci shekaru. Yana jure wuta, ba shi da nauyi. A garin Saint-Claude na Faransa aka fara sarrafa shi da yawa a tsakiyar ƙarni na 19, daga nan manyan gidaje irin su Peterson na Dublin da Savinelli na Milan da Dunhill na Landan suka mamaye kasuwa da siffofi ƙayyadaddu da inji ke fitarwa.

Mutumin da ya sauya wannan tsari shi kansa ba kowa ba ne a farkonsa. Sixten Ivarsson, ɗan asalin Suwidin da ya zauna a babban birnin Denmak, da gyaran lofe ya soma a shagon Suhr cikin shekarun 1940. Shi ya nuna cewa ana iya barin zanen jikin itace ya faɗi siffar da za a ba lofe, maimakon a tilasta wa itacen bin ma'aunin inji. Ɗansa Lars ya gaje shi, almajirai suka zo har daga Japan. A Suwidin kuma Bo Nordh, wanda haɗarin babur ya zaunar a keken guragu, ya riƙa fitar da 'yan kaɗan a shekara a zamaninsa, yau kuma ana sayar da aikinsa dubban daloli. Waɗanda suka sayi lofen mutanen nan a shekarunsu na farko ba su da wani suna da za su dogara da shi. Idonsu suka bi, kuma kuɗinsu ne ya riƙe masassaƙan a bakin aiki har suka gwanance.

To me ido zai duba? Sabon mai saye yakan ruɗu da waje, da sheƙin itace da zanensa mai kama da harshen wuta, alhali ingancin lofe a ciki yake. Akwai kaskon da ake cusa taba, akwai siririyar kafar hayaƙi da ta ratsa wuya, faɗinta wajen milimita 4. Dole kafar ta ɓullo daidai tsakiyar gindin kaskon. In ta yi sama, tabar ƙasa ba za ta ci wuta ba. In ta karkace, zuƙa ba za ta daidaita ba. Sai mahaɗar da karan zuƙa ke shiga cikin wuya: idan an bar rata a can ciki, tururi zai taru ya zama ruwa, lofen ya riƙa ƙara kamar mai kurkurar baki. Gwajin da masana suka dogara da shi ba ya buƙatar ko kwabo. A zura siririyar wayar nan mai naɗin auduga da ake goge lofe da ita, tun daga baki. In ta wuce har cikin kasko ba tare da ta cije ba, mai aikin ya san huda.

Karan zuƙa shi ne inda ake gane mai haƙuri. Gwanaye suna fafe shi ne daga sandar roba mai tauri, yawancinta ta Jamus, su yi ta gogawa da magagari har wurin da haƙori ke kamawa ya yi sirantar da ba ta gajiyar da muƙamuƙi. Aikin yakan ci lokaci kusan kamar na kaskon. Mai gaggawa sai ya sayo karan da aka zuba a masana'anta ya liƙa, wani ma ya sayo itacen da an riga an huda, ya ɗan gyara wajensa, ya ce aikin hannu ne. Babu wata hukuma da ke tsare wannan kalma, don haka tambaya ita ce kariyar mai saye: wa ya huda, wa ya fafe karan, daga ina itacen, shekara nawa ya yi a shanye? Masassaƙin kirki yana jin daɗin irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara kame-kame ya riga ya ba da amsa.

Akwai kuma batun aibin itace. Biraya a ƙasa take girma, tana haɗiye yashi da tsakuwa, kuma sau da yawa sai an kusa gama sassaƙa rami ke bayyana. Masana'antu kan cike ramin da ƙwaɓi su shafe da launi, bayan shekaru itacen ya yi duhu, cikon ya fito fili kamar tabon gyambo. Masassaƙi mai mutunci ko dai ya yi wa lofen feshin yashi, dabarar da Dunhill ya yi wa rajista a 1917, ya rage farashi, ko ya jefar da aikin kwana biyu. Wannan asara tana cikin kuɗin da yake nema, kuma mai taya shi da rabin farashi saboda ba a san sunansa ba yana tura shi ne ga ƙwaɓi.

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi: suna yana riƙe daraja. Lofen Dunhill ko na Castello, ko an sha shi shekara ashirin, yana da masu nema a kasuwar na hannu. Na sabon masassaƙi kuwa yakan faɗi warwas ranar da aka kunna masa wuta, kuma da yawa cikin masu fara sana'ar suna barinta bayan 'yan shekaru. Gaskiya ne, saboda haka mai neman jari ya nemi wata hanya, domin ba mai iya nuna wanda zai zama Bo Nordh na gobe. Sayen tausayi ma ɓarna ce: wanda ya karɓi lofe mai karkatacciyar kafa ya yi shiru don kada ya karya wa saurayi gwiwa, ya hana shi darasin da ya fi bukata.

Yawancin wannan ciniki yanzu ta hoto ake yinsa, in ban da tarurruka irin baje kolin shekara-shekara na Shikago inda ake ɗaukar lofe a juya shi a hannu. Hoto kuwa yana iya ɓoye kusan duk abin da aka lissafa a sama. Mai saye daga nesa sai ya nemi a ɗauko masa cikin kaskon da haske, a faɗa masa nauyin lofen da giram, kuma a yarda a rubuce cewa zai iya mayar da shi cikin 'yan kwanaki muddin bai kunna masa wuta ba.