Jirgin Ƙasa Ba Ya Ratse: Abin da Ya Kamata Gummi Ta Nema Tun Yanzu

Direban da ya taso daga Gummi zai nufi Gusau, ta Ɗaki Takwas da Anka har ya faɗa babban titi a Mayanci, ya san abin yi idan ya tarar babbar mota ta mutu a tsakiyar hanya. Yaron mota ya riga ya karyo ganye ya jera a kwalta, ya tokare taya da dutse, mai gida kuma yana kwance a ƙarƙashin inji, hannu duk baƙin mai. Sai a rage gudu, a ratse ta gefe, a ɗaga hannu a ce musu sannu, a wuce. Jirgin ƙasa ba shi da wannan gatan. Idan jirgin kaya ya mutu a layi ɗaya, na bayansa ya tsaya, na gabansa ya tsaya, kowa ya zauna inda yake har a janye shi.

Wani zai ce ina ruwan Gummi da wannan magana, garin da bai taɓa jin kukan jirgi ba. Gaskiya ne, babu dogo a Gummi, babu a Bukkuyum, babu a Anka. Amma a watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulki, harkar jirgin ƙasa ta fita daga hannun Tarayya ita kaɗai, jihohi ma suka samu ikon shimfiɗa nasu layin. Ga aikin Kano zuwa Maraɗi ana yi tun 2021, ga na Kaduna zuwa Kano. Duk ranar da aka zauna rabon layuka a Arewa maso Yamma, Zamfara za ta buɗe baki, kuma tun ran gini ran zane.

Dogon da jihar ta gada ya taso ne daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Turawa ba don mai zuwa ziyara suka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa da auduga da fatu suke so su isar bakin teku, don haka suka yi shi siriri, ƙwaya ɗaya, iya inda kayan suka fi taruwa. Gusau ta bunƙasa a gefensa. Manomin yammacin Zamfara kuwa sai dai ya ɗora wa jaki ko raƙumi, daga baya babbar mota, ya kai amfaninsa inda tasha take.

Layi ɗaya yana da ƙa'idarsa. Tsakanin tasha da tasha, jirgi ɗaya kaɗai ake bari ya shiga. Sai ya isa tasha ta gaba, inda dogon ya rabu biyu, sannan a saki wanda ke jira. Wannan tsari yana kare rai, amma yana nufin kan jirgi ɗaya da ya ƙi tashi ya rufe ƙofar kowa. Jirgin kaya kuma ba abin turawa ba ne: taragu ne jere cike da siminti ko hatsi ko kwantena. Sai an nemo wani kan jirgin mai lafiya, a samo direba, a ba shi izinin shiga, ya lallaɓa ya je ya jawo. Idan mafi kusa yana Zariya ko Kaduna, to wunin ya tafi. Can a baya, a wata ƙaramar tasha, fasinja suna zaune cikin tarago ya ɗauki zafi, ruwan gora ya ƙare, jariri yana kuka, ba wanda ya zo ya ce musu ga abin da ake ciki.

Ba sai an je nesa ba kafin a ga yadda lamarin kawunan jirage yake a ƙasar nan. A watan Maris na 2022, jirgin fasinja tsakanin Legas da Ibadan, a sabon layin da bai cika shekara da buɗewa ba, ya tsaya cikin daji saboda mai ya ƙare. A 2025 sai da aka dakatar da zirga-zirga a layin Warri zuwa Itakpe bayan injuna sun yi ta mutuwa a hanya. Waɗannan sababbin layuka ke nan, masu ɗaukar mutanen da muryarsu ke isa Abuja. Jirgin kaya a tsohon dogo, wanda ba mai ɗaukar hotonsa ya saka a Facebook, wa zai kula da shi?

A Zamfara kuma tsayawar jirgi ta wuce ɓata lokaci. Ranar 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka fasa dogon Abuja zuwa Kaduna, jirgi ya tsaya, suka kashe mutane, suka kwashe fiye da 60 zuwa daji. Na ƙarshensu ba su dawo gida ba sai a watan Oktoba, jirgin kuma bai koma aiki ba sai 5 ga Disamba. Abin da maharan suka fara nema shi ne jirgi ya tsaya. Kan jirgin kaya da ya mutu tsakanin Funtuwa da Tsafe da la'asar sakaliya zai yi musu wannan aikin kyauta. Mutanen Anka da Bukkuyum, da suka san abin da ake nufi da mota ta lalace bayan magariba, ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani.

Daga nan ne wasu ke cewa a raba gari da jirgin kaya, a bar dogo ga fasinja. Wannan kuskure ne, kuma Gummi ce za ta fi kowa asara. Abin da fadamar Gulbin Zamfara ke buƙata shi ne hanyar fitar da shinkafa da albasa da dabbobi cikin sauƙi, da hanyar shigo da taki da siminti ba tare da kuɗin mota ya cinye ribar ba. Tashar tsandauri ta Funtuwa da aka buɗe a 2024 tana kan wannan tsohon layin ne, kuma ba za ta yi amfanin da aka gina ta dominsa ba sai da jirgin kaya. Kuɗin tikiti shi kaɗai ba ya riƙe dogo. Kaya ne ke biyan kuɗin gyara.

Ƙasashen da suka fi Najeriya daɗewa a harkar ma suna fama. A Amurka, jiragen fasinja na Amtrak suna bin layukan kamfanonin kaya ne a mafi yawan tafiyarsu. Tun 1973 doka ta ce fasinja ne a gaba, amma kamfanonin suka riƙa haɗa jirage masu tsawon da ya fi wurin kaucewa, dole na fasinja ne zai raɓe ya jira. Sai da gwamnati ta kai kamfanin Norfolk Southern kotu a 2024 kan haka. Indiya ta bi wata hanyar: ta shimfiɗa layuka biyu na kaya zalla, kowanne ya haura kilomita 1,300. Zamfara ba ta da kuɗin Indiya, kuma ba sai ta yi irin wannan ba.

Abin da ake buƙata bai kai haka tsada ba. A riɓanya wuraren kaucewa, a yi su da tsawon da zai ɗauke jirgin kaya mafi tsawo da za a saka a layin. A ajiye kan jirgi na ko-ta-kwana a Gusau, da mai a cikinsa da direba a kusa, ba a takarda ba. Kada a saki jirgin kaya gaban na fasinja a yankin da ba tsaro, kuma kada a saki wanda makanikai ba su duba ba. Idan an tsaya, a tsaya a tasha mai jami'an tsaro da ruwan sha, a fito a gaya wa mutane gaskiya. Layin Legas zuwa Ibadan biyu aka yi shi. Ba laifi ba ne ɗan Zamfara ya tambayi dalilin da zai sa nasa ya zama ɗaya tilo ba ko wurin raɓewa isasshe.

Gwamnatin jiha, da sanatan Zamfara ta Yamma, da ɗan majalisar Gummi da Bukkuyum, su ne za a kira teburin idan maganar ta taso. Su nemi a farfaɗo da layin Zariya zuwa Ƙaura Namoda, su nemi reshe ya nufo Anka da Gummi, kuma kafin su sa hannu a kan kowace takarda su tambaya: idan jirgin kaya ya mutu a hanya, daga ina mai jawo shi zai taso, kuma awa nawa zai yi kafin ya iso?