INA ƊAN TALAKA ZAI SAMI KUƊIN KOLEJI?

Wasiƙar Akawu daga Toranke

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin da ka saba ba ni, zama yau ina da magana wadda ta shafi kowane gida mai yaro a makaranta, tun daga nan Toranke har Ajingi da Gaya, har sauran ƙasar Kano.

Kowace shekara in sakamakon jarrabawa ya fito, akan sami yara a ƙauyukanmu waɗanda suka ci, har aka ba su gurbi a koleji ko jami'a, amma damina ta zo ta iske su a gona, wata ta sake zagayowa ta iske su nan. In ka tambayi uban yaron, sai ya buɗe maka tafin hannu ya ce, "Malam, da me?" Gaskiyarsa kuwa. Mutumin da geronsa da dawarsa da ƙyar su ke kai shi wata kaka, ina zai ga kuɗin rajista? To, amma akwai ƙofofi da aka buɗe saboda irin wannan yaro, galibi kuwa abin da ke hana shi shiga abu biyu ne: rashin labari, da rashin takardu daidai. Maganin biyun nan yana hannunmu, mu akawuna da malaman makaranta da malaman zaure.

Da fari ina so mu kawar da kunya. Neman taimakon hukuma don ilmi ba bara ba ne, ba kuma yau aka fara ba. Sa'ad da aka buɗe Kolejin Katsina cikin 1922, hukuma ce ta ɗauki nauyin galibin yaran da aka kai. Abubakar Tafawa Balewa a can ya yi karatu, cikin 1945 kuma aka aika da shi Ingila ya ƙaro ilmin koyarwa, ba da kuɗin gidansu ba. Malam Aminu Kano ya bi sawu cikin 1946. Ashe manyan da mu ke alfahari da su da dukiyar jama'a aka ilmantar da su. Bambancin da ke akwai shi ne, a zamaninsu yara kaɗan ne, En'e ke zaɓensu ta kai; yau kuwa yara sun yi yawa, ba mai zuwa gida ya zaɓe ka, sai ka miƙa hannu da kanka. Da rashin tayi akan bar arha.

Ƙofa ta fari, wadda ta fi faɗi, ita ce rancen Gwamnatin Tarayya. Cikin watan Yuni 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a wata doka ta ba ɗalibai rance. Dokan nan ta fari tana da sharuɗɗa masu wuya. An ce sai wanda abin da gidansu ke samu a shekara bai kai naira 500,000 ba, kuma sai ya kawo mutum biyu masu tsaya masa, irin su babban ma'aikacin Gwamnati ko lauya da ya shekara goma yana aiki. Don Allah ina ɗan manomin Toranke zai san lauya? Da aka ga haka sai aka soke ta, aka yi sabuwa ran 3 ga Afrilu 2024, aka cire sharuɗɗan nan biyu. Asusun da ke ba da rancen ana ce da shi NELFUND, ya fara karɓar buƙatun ɗalibai ran 24 ga Mayu 2024.

Ga yadda abin ya ke. Rancen na ɗaliban makarantun Gwamnati ne, ta Tarayya ko ta Jiha, watau jami'o'i da kolejojin fasaha da na horon malamai. Yaronmu da ya shiga jami'ar kimiyya da ke Wudil, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote, ko Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Tarayya ta Dutse, ko kolejin noma ta Audu Bako a Ɗambatta, duk irin makarantun da dokar ke nufi ke nan, mace da namiji kuwa ɗaya su ke a gabanta. Kuɗin kashi biyu ne. Na rajista ba a damƙa wa yaro, makarantarsa ake aika wa kai tsaye. Na guzuri kuwa, wanda aka fara da naira 20,000 a wata, shi ke shiga asusunsa na banki, in ya nema. Ta intanet ake nema, ba a biyan ko kwabo, kuma kowace shekarar karatu sai an sabunta.

Na sani akwai iyayen da kalmar bashi kaɗai ke sa su ja da baya, wasu kuma tsoron riba su ke yi. Malamanmu sun fi ni sanin hukunci, su za su yi wa jama'a bayani. Abin da zan iya faɗa daga cikin dokar shi ne, rancen nan ba ruwa a kansa: wanda ya ci naira 100,000, naira 100,000 zai mayar. Ba a fara bin mutum sai ya gama karatu, ya yi hidimar ƙasa, an kuma yi shekara biyu bayan nan. Sa'an nan akan cire kashi goma cikin ɗari na albashinsa kowane wata har ya gama, in kuwa sana'ar kansa ya ke yi, ya ba da kashi goma na ribarsa. Wanda bai sami aiki ba yana iya rantsuwa a rubuce ya nemi a jinkirta masa. Ba a ce a jinginar da gona ba, ba a ce a kawo shanu ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta kyauta, wadda ba a mayarwa. Jihar Kano tana da hukumar ba da tallafin karatu ga 'ya'yanta. Cikin 2023 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rage rabin kuɗin rajista a manyan makarantun Jiha, ya kuma amince a biya wa 'yan Kano 7,000 kuɗin rajista a Jami'ar Bayero, aka kuma ɗauki waɗanda suka fita da sakamako mafi daraja aka aika da su Indiya da Uganda neman digiri na biyu. Gwamnatin Tarayya ita ma tana da tata hukumar, wadda kan taimaki ɗalibin da ya wuce shekarar fari da sakamako mai kyau ƙwarai. Akwai kuma asusun PTDF, wanda aka kafa cikin 1973, domin masu karatun injiniya da ilmin ma'adinai da sauran fannonin da suka shafi man fetur. Waɗannan ba kullum a buɗe su ke ba, shela akan yi a ba da 'yan makonni a rufe. Su kuma ƙwazo su ke bi. Saboda haka ku gaya wa yaranku, littafin da suka riƙe a shekarar fari shi ne zai yi musu ceto a ta biyu.

Yanzu na zo ga wurin da mu mutanen karkara mu ke faɗuwa, watau takardu. Mai neman rance sai ya ba da lambarsa ta jarrabawar JAMB, da lambar shaidar ɗan ƙasa da ake kira NIN, da lambar banki da ake kira BVN, da takardar da aka ba shi gurbi, kuma sai makarantarsa ta riga ta aika da sunansa ga asusun. Ba mutum ne ke fara duba takardun nan ba balle ka ce masa, "Ai ka san ni." Kwamfuta ce ke gwama su, ita kuwa ba ta san uban kowa ba. A ce yaro sunansa na yanka Muhammadu, a gida ana ce masa Mamman. Malamin firamare ya rubuta Mamman, ya liƙa masa sunan garinsu. Wurin yin katin ɗan ƙasa aka rubuta Muhammad da sunan ubansa. A banki kuma aka sa sunan kakansa a gaba. Mu nan mun san mutum ɗaya ne, ga kwamfuta kuwa mutum uku ne. Haka ranar haihuwa. Yawancin yaranmu a ɗaki aka haife su, ba wanda ya rubuta, sai dai a ce shekarar da aka yi fari, ko bayan babbar salla. In an je gaban akawu sai a ƙaga rana, gobe a gaban wani akawun a ƙaga wata. Ran da yaro ya zo neman taimako sai a ce takardunsa sun saɓa, ya shiga zirga-zirga tsakanin Gaya da Kano, kuɗin mota su ƙare, ranar rufewa ta wuce.

Tun ran gini, tun ran zane. Tun daga 2021 ba a yi wa yaro rajistar JAMB sai da NIN, daga nan kuwa ake kwaso sunansa. Saboda haka ina roƙon shugabannin makarantun sakandare na ƙasar Gaya da Ajingi, tun yaro yana aji huɗu a zauna da shi da ubansa a tsai da suna ɗaya, da rubutu ɗaya, da jeri ɗaya, da ranar haihuwa ɗaya, a bi da su ko'ina. A nemar masa takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma tun ba a buƙace ta ba, zama ita hukumar Jiha ke fara tambaya. Ya buɗe asusun banki da sunansa, ba na wansa ba, da lambar waya tasa ta kansa. Mu akawuna kuma mu ji tsoron Allah da alƙalaminmu. Harafi ɗaya da muka sakaci da shi yana iya zaunar da ɗan wani a gida shekara guda.

Ku yi hankali kuma da 'yan damfara. Mai shagon kwamfuta in ya karɓi ladan buga takarda, haƙƙinsa ne. Amma duk wanda ya ce kawo kuɗi in sa sunanka, ko ba ni lambar sirrinka ta banki, ɓarawo ne ko da wace irin riga ya sa. Kada kuma yaro ya rubuta ƙarya, dokar ta tanadi hukunci a kan haka. In kuwa uba ya yi ɗawainiya ya biya rajista kafin rance ya iso, daga baya asusun ya biya makaranta, to, ya ajiye rasit, ya nemi a mayar masa da nasa.

Ga 'yan makaranta kuma ina da gargaɗi. Wannan ba shi ne karo na fari da aka gwada rancen ɗalibai a Nijeriya ba. An kafa hukumar rance cikin 1972, aka yi dokar bankin ilmi cikin 1993, ba wanda ya yi ƙarko, cikin manyan dalilai kuwa har da rashin biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, cinsa ba aibu ba ne, ƙin biyansa shi ne aibu. Wanda ya sha a rijiya ya zuba mata ƙasa, ƙanensa ya hana wa ruwa. Kuɗin guzurin nan kuma na abinci ne da sabulu da littafi, ba na sabuwar waya ba.

Saura ƙofa ta uku, ita kuwa mu za mu sassaƙa ta da hannunmu. Rance ba ya zuwa ran da aka nema, akwai jira. Kafin nan ga kuɗin jarrabawa, ga na mota, ga tabarma da tukunya da ɗan abin kai wa baka na makonnin fari. A ɗan tsakanin nan ne yara da yawa ke sarewa, alhali abin da ya tsare su bai kai kuɗin tunkiya biyu ba. Shawarata ita ce, in kaka ta yi, kowane gida ya ba da kwano ɗaya na hatsi ko gyaɗa, ko kuwa a ware gona ɗaya a yi mata gayya. A sayar, a damƙa wa amintattu uku, da sanin Dagaci da Liman, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta a bainar jama'a sau ɗaya a shekara. Yaron da ya sami gurbi a ranta masa na tafiya, in nasa ya iso ya mayar, a ba na bayansa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya ku 'yan'uwana masu karatu, jaridan nan ba ta isa hannun manomin da maganar ta fi shafa, mu ta ke isa. In mun karanta mun naɗe mun sa a aljihu, mun ci amanar ilmin da aka ba mu. Malamin makaranta ya faɗa wa ajinsa, Liman ya yi shela ran Juma'a, akawu ya ware yammaci ɗaya a mako ya duba takardun yaran unguwarsu. Ina kuma roƙon duk garin da suka riga suka kafa irin asusun da na ambata su rubuto ta hannun Edita su gaya mana yadda suka yi, mu koya.

Allah ya ba yaranmu ilmi mai amfani, ya ba mu ikon sauke nauyinsu, amin. Haza wasalam.

Ni ne naku,
Akawu, Toranke.