Duniya Makaranta: Abin Da 'Yan Mata 32 Suka Haifar A Zimbabuwe

A shekarar 1991 wata malama 'yar ƙasar Birtaniya mai suna Ann Cotton ta sauka ƙauyen Mola, kusa da tafkin Kariba a ƙasar Zimbabuwe, domin ta bincika dalilin da ya sa 'yan mata ba su cika shiga makarantar sakandare ba. A wancan zamani abin da masana suka fi yarda da shi, shi ne wai al'ada ce ta hana, watau iyaye ba su son ilmin 'ya mace. Amma da ta zauna da iyayen sai ta tarar ruwa ba ya tsami banza, talauci ne tushen abin. Magidancin da ƙarfinsa bai wuce kuɗin makarantar yaro ɗaya ba, namiji yakan zaɓa, gama shi ake sa ran zai sami aikin albashi ya ɗauki nauyin gida.

Da ta koma gida sai ta shiga toya kek tana sayarwa, tana kuma neman gudummawa, har a shekarar 1993 aka sami abin biya wa 'yan mata 32. Wannan shi ne mafarin ƙungiyar CAMFED, wadda daga baya ta bazu zuwa Gana, da Zambiya, da Tanzaniya, da Malawi. A Gana ta fara aiki ne daga arewa a shekarar 1998.

Abin lura a tsarin ƙungiyar shi ne ba ta tsaya ga kuɗin makaranta kaɗai ba. Yarinyar da aka biya wa kuɗin zango amma ba ta da takalmi, ko yunifom, ko littafin rubutu, ko audugar mata, kwana kaɗan za ta daina zuwa aji don kunya. Wadda kuma gidansu ke da nisa da makaranta tana bukatar wurin kwana mai tsaro, in ba haka ba iyayenta ba za su sake ta ba, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Saboda haka aka haɗa waɗannan bukatu duka cikin tallafin, aka kuma bar wa kwamitocin mutanen gari, da malamai da iyaye, zaɓen waɗanda suka fi cancanta, tun da su suka san gidan da ba a ɗora tukunya.

Daga cikin 'yan matan da aka fara tallafa wa akwai Angeline Murimirwa, 'yar manoma daga Sadza. Ta ci jarrabawar ƙarshe ta firamare da kyau ƙwarai, amma iyayenta ba su da halin kai ta gaba. Tallafin nan ne ya shigar da ita sakandare. Ita ce daga baya ta riƙe reshen ƙungiyar na Zimbabuwe, kana a shekarar 2023 aka ɗora mata shugabancin ƙungiyar baki ɗaya.

Sai dai ɗaukakar mutum ɗaya ba ta isa hujja ba. Abin da ya fi wannan nauyi ya faru ne a shekarar 1998, sa'ad da 'yan mata wajen 400 da suka gama sakandare suka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai mai suna CAMA. Sun lura cewa takardar shaida kaɗai ba ta cika ciki, kuma yarinyar da ta koma ƙauye ba sana'a ba jari tana iya faɗawa cikin halin da aka tsamo ta. Don haka suka riƙa koya wa juna sana'a da ajiyar kuɗi, suna komawa makarantunsu na dā suna jan ƙannensu a jiki. Waɗanda suka zama malamai, da ma'aikatan jinya, da 'yan kasuwa suka shiga biya wa 'ya'yan maƙwabta daga aljihunsu. Da yayyafi kogi kan cika.

Wannan labari yana da darasi ga Nijeriya. A shekarar 2020 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 500 domin shirin AGILE na ilmin 'yan mata a jihohin Barno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kabi da Filato, kuma cikin shirin har da ba iyalai matalauta kuɗi bisa sharaɗin 'ya'yansu mata su zauna a sakandare. Kuɗi irin wannan amfaninsa yana ga isarsa hannun mai shi kafin a buɗe makaranta, gama tallafin da ya zo bayan an cire yarinya an ɗora mata talla, ko an sa ranar aurenta, ya zama ihu bayan hari. Haka kuma idan zaɓen masu amfana ya koma hannun 'yan siyasa da masu uwa a gindin murhu, 'yar talakan da aka yi abin dominta ita za ta tashi a tutar babu.

Ya kamata ma'aikatun ilmi na jihohi su riƙa buga sunayen makarantun da suka amfana da adadin abin da aka biya kowane zango, su sa iyaye mata cikin kwamitocin zaɓe, su kuma riƙa bin sawun kowace ɗaliba bayan ta gama, domin a haɗa su cikin ƙungiya tasu ta kansu. Masu hali na gari su ma ba sai sun jira gwamnati ba, tun da aikin nan da 'yan mata 32 da cinikin kek ya fara.