Wasiƙa zuwa ga masu haɗa na'urorin kwamin ninkaya

'Yan'uwa, abokan sana'a.

Ga ƙorafin da kowannenmu ya sha ji. An haɗa na'urar da mai gida ke kunna famfo da duba kulorin daga wayarsa, kwana biyu ta daina amsawa, ya ce jabu aka saka masa. Sau da yawa na'urar lafiyarta lau, siginar Wi-Fi ce ba ta isa gare ta.

Ku dubi inda muke kafa ta. Ɗakin famfo can ƙuryar gida, bango na kankare da rodi, rufi na kwano, sannan mu kulle ta cikin akwatin ƙarfe. Ƙarfe yana tare sigina, jiƙaƙƙen bango kuma yana shanye ta. Rauta tana can cikin falo, bayan talabijin. Ta ina saƙo zai bi?

Don Allah a daina dogara da sandunan da waya ke nunawa. Eriyar waya kan fi ta na'urar ji, kuma a bakin ƙofa muke tsayawa mu duba. Ku sa manhajar auna sigina, ku kai wayar daidai inda eriyar na'urar take, ƙofa a rufe, famfo yana aiki. Ma'aunin shi ne dBm. Daga -50 zuwa -60 madalla. Kusa da -67 an zo gaɓa, -80 kuwa ɓata lokaci ne. Duk raguwar 3 dB na nufin ƙarfin ya ragu da rabi, don haka tazarar -60 da -70 ninki goma ce, ko da yake a ido ba ta da yawa.

Galibin waɗannan na'urori da 2.4 GHz kaɗai suke aiki. Ta fi 5 GHz nisa da ratsa bango. Idan rauta ta haɗe su biyun a suna ɗaya, ku raba, na'urar ta san wadda za ta kama. A otal ko unguwa mai cunkoso, ku zaɓi tasha ta 1, ta 6 ko ta 11, su ne ba sa hawa kan juna.

Kafin a sayi komai, a fito da eriya waje, a ɗaga ta sama, a tsayar da ita tsaye, nesa da injin famfo. Wannan kaɗai kan kashe magana. In za a sa na'urar ƙara sigina, a tsakiyar hanya ake sa ta, inda sigina ke da sauran ƙarfi. Wanda ya manna ta jikin ɗakin famfo, rauni ya maimaita.

Ni dai na fi yarda da kebul. Ku ja shi cikin bututu, kada ya wuce mita 100, ku kafa na'urar Wi-Fi mai jure rana da ruwa kusa da ɗakin. Sannan ku kashe wutar gidan ku mayar, kamar yadda ake yi in an koma kan janareta, ku tsaya har na'urar famfon ta sake haɗuwa da kanta kafin ku karɓi kuɗinku.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a