Famfon wankan gaggawa: wa ke buɗe shi kowane mako?

A ɗakin gwaje-gwaje na zamani, ko na jami'a, ko na asibiti, ko na masana'anta, akwai wani famfo da ake kafawa sama da kai, da mariƙi a rataye. Aikinsa ɗaya ne: idan asid ya zubo wa ma'aikaci, ko wuta ta kama tufafinsa, ya ruga ƙarƙashinsa ya ja mariƙin, ruwa ya kwararo masa. Ranar buɗe sabon gini akan nuna wa manyan baƙi shi, a yi tafi. Sai dai wa ke komawa ya ja mariƙin bayan baƙi sun watse?

Ƙa'idar Amurka mai suna ANSI Z358.1, wadda ta fara fitowa a 1981 aka sabunta ta a 2014, ta fayyace abin da ake bukata. Mutum ya isa famfon cikin daƙiƙa 10, ba tare da wani kaya ya tare masa hanya ba. Ruwa ya zubo kimanin lita 76 kowane minti, har minti 15 ba yankewa. Ɗuminsa ya tsaya tsakanin digiri 16 da 38. A buɗe shi kowane mako, a kuma yi masa cikakken bincike sau ɗaya a shekara. Ƙa'idar Turai, EN 15154, ta tsaya kan lita 60 a minti.

Duk wanda ya yi lissafi zai ga inda gizo ke saƙa a Nijar. Lita 76 sau 15 ya haura lita 1.100, wato kusan tano shida na ruwa domin mutum ɗaya. A gari irin Damagaram, inda ƙarancin ruwa tsohon labari ne, famfon da aka jona kai tsaye da bututun gari zai iya amsa wa mai neman ceto da iska kawai. Idan kuma aka ɗora masa tanki bisa rufi, zafin watan Afrilu, da ke wuce digiri 40 a Yamai da Tawa, zai dafa ruwan, alhali ruwan zafi ƙara wa ƙunar sinadari ƙarfi yake yi. Da sanyin Janairu kuwa, mai raunin zai gudu tun minti 15 ba su cika ba. Ga ƙurar hunturu da ke toshe bakin abin wanke ido idan ba shi da murfi, ga tsatsa, ga ƙwayoyin cuta irin Legionella da Acanthamoeba da ke hayayyafa cikin ruwan da ya kwana a bututu. Ba a ganin ko ɗaya daga cikin waɗannan sai an buɗe famfon.

Buɗewar mako-mako tana da wani amfani kuma: tana koya wa ƙafa hanya. Ranar 29 ga Disamban 2008, a jami'ar UCLA ta Kaliforniya, wani sinadari da ke kamawa da wuta da zarar ya sha iska ya zubo wa Sheri Sangji, mai shekara 23. Famfon yana nan kusa cikin ɗakin, amma ba a kai ta ƙarƙashinsa ba. Ta rasu ranar 16 ga Janairun 2009. Wannan a ƙasar da ta rubuta ƙa'idar ke nan.

Masu riƙe da kuɗin ma'aikatu za su ce babu hali. Hujjar ba ta tsayuwa. Gwajin mako bai wuce bokiti, da agogo, da kaye da za a rubuta rana da sunan wanda ya duba ba. Abin da ke hanawa shi ne sayen kaya yana da kwangila da biki, kula da su kuwa ba ya kawo wa kowa suna.

Ƙasar da ke narkar da dutsen uraniyom da asid a Arlit tun 1971, ta kuma buɗe matatar mai kusa da Damagaram a 2011, ga ɗalibai masu wasa da kwalaben sinadari a jami'ar Abdu Mumuni, ya kamata ta ɗora wannan aiki a wuyan mutum ɗaya sananne a kowane ɗaki. Sufetocin aiki su riƙa neman kayen nan idan sun zo rangadi, su ja mariƙin da hannunsu. Sindikar ma'aikata kuma ta sa shi cikin takardar bukatunta, kusa da maganar albashi.