Souterrain: Baƙuwar Kalmar da Ingilishi ya Ƙuntata

Ɗalibin da ya tashi da Faransanci, in ya ci karo da "souterrain" a littafin Ingilishi, yakan wuce ba tare da ya buɗe ƙamus ba. A ganinsa tsohuwar sananniya ce. Nan kuwa kuskuren yake.

A Faransanci kalmar ta yau da kullum ce, tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin sifa: da ita ake siffanta ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa, da ita ake kiran hanyar da aka haƙa a ƙarƙashin titi. Ginin ta a fili yake, "sous" da "terre", bisa ƙirar kalmar Latin "subterraneus". To amma lokacin da Ingilishi ya aro ta, yana da tasa ta gado, "underground", ga kuma "subterranean" daga Latin. Baƙuwar ba ta tarar da fili ba, sai ta raɓe a lungu guda. Yau suna ce kawai, kuma galibi a bakin masu binciken kufai ake jin ta, tana nufin wani siririn rami mai kamar hanya, wanda mutanen dā suka haƙa, suka jera masa duwatsu, suka rufe samansa. Ana samun irinsa a Sikotland tun zamanin ƙarfe, a Ayaland kuwa yawancinsu na farkon tsakiyar zamani ne. Na Rennibister, a tsibiran Orkney, an gano shi a 1926, da injin sussuka ya rufta cikinsa. Har yau masana na muhawara: ma'ajiyar abinci ce ko mafaka ranar hari? Mutanen Konwal ma ba su damu da kalmar ba, "fogou" suke cewa.

Saboda haka mai fassarar da ya mayar da ita "ƙarƙashin ƙasa" kurum ya bi asali ya bar ma'ana, mai karatunsa kuma ba zai san gini ake nufi ba. Asalin kalma yana faɗin inda ta fito. Abin da take nufi yanzu, sai a tambayi masu amfani da ita.

Bai kamata wannan ya zama baƙon abu ga Bahaushen Nijar ba. "Monsieur" kowane namiji ne a Faransa, amma da ta shigo Hausa ta koma "mushe", malamin lakwal. Duk wanda ya fassara "mushe ya shigo aji" da cewa wani mutum ya shigo, ƴan aji ɗaya ma za su gyara masa.