Rubuta Wasiyya Ba Kiran Mutuwa Ba Ne

Wata ɗalibata a Talata Mafara ta daina zuwa Islamiyya bayan rasuwar mahaifinta. Ya bar gonar noman rani a yankin Bakolori da yara huɗu, babu takarda, babu shaida. Baffansu ya ce aro ya ba mamacin, yarinyar kuwa ta koma talla.

Duk da irin wannan, daga Bakura har Maradun, in ka ce wa magidanci ya rubuta wasiyya sai ya ce kana yi masa fatan mutuwa. Subhanallah! Wannan camfi ne, ba tawakkali ba. Hadisin Ibn Umar ya hori mai abin yin wasiyya da kada ya kwana biyu ba ta rubuce a wurinsa. Tun shekarar 2000 ake aiki da Shari'a a Zamfara, amma alƙali da hujja yake hukunci, ba da hawayen marayu ba.

Ya ɗan'uwa, rubuta bashin da ake bin ka da wanda kake bi, domin bashi ake fara biya kafin rabon gado. Bayyana iyakokin gonarka gaban adalai biyu. Naɗa amintaccen wasiyyi ga ƙananan 'ya'yanka. Kada wasiyyarka ta wuce sulusi, kuma babu wasiyya ga magaji.

Kai kuma baffa, karanta aya ta 10 ta Suratun Nisa'i, ka ga abin da kake cusa wa cikinka.

Allah Ya sa mu cika da imani.